Shekara huɗu a bakin inji, ba ko takardar ɗaukar aiki

Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili in faɗi abin da ya sami ƙanena, don na san irinsa suna da yawa a Sharaɗa da Bompai da Calawa.

Shekararsa huɗu yana aiki a wata masana'antar roba a nan Kano, wadda ba zan kama sunanta ba. Watan jiya, yana aikin dare, injin niƙa roba ya cinye masa yatsu biyu na hannun dama. Da na isa asibiti na tarar abokan aikinsa sun naɗe hannun da rigarsa ta aiki, jini har ya bushe a jikinta. Washegari wani daga kamfanin ya zo da ambulan, naira dubu ashirin a ciki, wai a sayi magani. Daga nan ba mu sake jin ɗuriyarsu ba. Da aka sallame shi daga asibiti muka je kamfanin tare, mai gadi ya buɗe littafi ya bi da yatsa, ya ce sunansa ba ya ciki. Manaja kuwa ko kujera bai nuna mana ba. Ya ce yaron ba ma'aikacinsu ba ne, na ɗan kwangila ne. Wayar ɗan kwangilar har yau a kashe take.

Na kai kukana wurin wani dattijo maƙwabcinmu da ya daɗe a ƙungiyar ƙwadago kafin ya yi ritaya. Tambayarsa ta farko ita ce, "Ina takardarsa?" Na ce wace takarda, Baba? Ya girgiza kai.

Ashe sashe na 7 na Dokar Ƙwadago ta Najeriya ya wajabta wa duk wanda ya ɗauki ma'aikaci ya ba shi takarda cikin wata uku da fara aiki, a rubuta sunan wanda ya ɗauke shi, irin aikin, albashi, sa'o'in aiki, hutu, da wa'adin sallama. Wannan takardar ce uwar sauran haƙƙoƙi, kuma ita ake fara hana mutum, don in babu ita da me zai nuna cewa ya taɓa taka ƙofar wurin? Dokar ta ce wanda ya cika wata goma sha biyu yana da hutun aƙalla kwana shida da albashinsa, yana kuma da kwana goma sha biyu na jinya a shekara idan likita ya tabbatar. Wanda ya yi shekara biyu zuwa biyar ba a korarsa sai an ba shi sanarwar mako biyu ko kuɗin makonnin. Ƙanena bai taɓa ganin ko ɗaya ba. Ranar da zazzaɓi ya kwantar da shi, a kuɗin ranar ake yanka.

Wanda ya fi ƙona mini rai shi ne batun diyya. Tun 2010 akwai dokar da ta ce mai kamfani ya riƙa zuba kashi ɗaya cikin ɗari na jimillar albashin ma'aikatansa a asusun NSITF, wato hukumar gwamnati mai kula da inshorar ma'aikata, ba tare da ya cire ko kwabo daga aljihun ma'aikaci ba. Daga nan ake biyan magani da diyyar wanda ya ji rauni a bakin aiki, har da na wucin gadi. Kamfani ne zai kai rahoton hatsari cikin kwana bakwai. Mu dai ambulan muka gani.

Mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a Yulin 2024 bai hau kan wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba. To, ka ga amfanin rarraba mutane ga 'yan kwangila, kowa da 'yan tsirarunsa, alhali duk inji ɗaya suke juyawa.

Ba na ganin laifin yaran da suka yi shiru. Ka je bakin ƙofar kowace masana'anta da sassafe ka ga layin masu jiran a kira su. Wanda ya tambayi takarda yau, gobe wani ne a gurbinsa. Laifin na masu sa ido ne a Ma'aikatar Ƙwadago, waɗanda doka ta ba ikon shiga masana'antu su duba. Ƙanena ya ce a shekara huɗunsa bai taɓa ganin wani ya zo ya tambaye su komai ba.

Edita, don Allah ku ware shafi ko sau ɗaya a wata, ku samo lauya ya riƙa fayyace waɗannan dokoki da Hausa, har da yadda ake shigar da ƙara a Kotun Ma'aikata, tunda tana da reshe a Kano.

Mu kuma ranar Litinin za mu ofishin ƙwadago. Albashi a hannu ake ba su, don haka ba mu da shaidar banki. Abin da muke da shi hoto ne guda a waya, yana tsaye gaban injin sanye da riga mai tambarin kamfanin, da abokan aikinsa biyu da suka ce za su yi shaida in ba za a faɗi sunansu ba.

Mai karatunku,
daga Sharaɗa, Kano