Manyan ƙwayoyi cikin ƙwayar jini: a duba da kyau

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ka ba mu fili mu ja hankalin ma'aikatan ɗakunan gwajin jini kan wani abu da ake gani jefi-jefi a sankarar jini mai saurin yaɗuwa, wadda likitoci ke kira AML. A cikin ɗanyun fararen ƙwayoyin jini akan ga wasu manyan dunƙule, ja-ja ko shunayya, waɗanda ƙananan ƙwayoyin ciki ne suka haɗe suka zama su. Sun yi kama da na ciwon gado na Chediak-Higashi, amma shi ciwon gadon tun ƙuruciya yake bayyana, da hasken fata, da gashi mai launin azurfa, da yawan kamuwa da cututtuka.

Kuskure wajen gane dunƙulen kan zo ne daga rinin da ake sa wa jinin da aka shafa a gilashi. Rinin Leishman da ba a tace ba yana barin gari a kan gilashi. Garin yana kwanciya ko'ina, har tsakanin ƙwayoyi, dunƙulen gaskiya kuwa yana cikin ƙwaya kawai. A shafa jinin cikin awa 2 da ɗibarsa, a yi amfani da ruwan rini mai pH (ma'aunin tsami) 6.8, a ƙirga ƙwayoyi 200 a jini, 500 a ɓargo. Ɗanyun ƙwayoyi in sun kai kashi 20 cikin ɗari, AML ce ake zargi, sai a tabbatar da gwajin MPO, wanda ke nuna ko ɗanyun ƙwayoyin irin na AML ne.

Nan take kuma a auna daskarewar jini, domin in nau'in AML da ake kira APL ne, zubar jini na iya kashe majiyyaci cikin kwanaki. Da an yi zargin APL ake fara maganinta mai suna ATRA, ba a jiran sakamakon gwajin ƙwayar halitta.

Daga wasu likitocin jini, Kano.