Wasiƙa Zuwa ga Abba, Bayan An Sa Masa Ragar Zuciya

Assalamu alaikum Abba,

Ya jiki? Allah ya ƙara sauƙi. Hajiya ta ce ka fara cewa tunda an sa maka ragar ƙarfen nan a jijiyar zuciya, magana ta ƙare. Haka ni ma na ɗauka lokacin da aka sa mini tawa, har na ga abin da na gani.

Ragar nan da likitoci ke kira sitent, wadda ake sawa don ta riƙe jijiyar da ta tsuke a buɗe, tana karyewa. Ba kasafai ba, amma ni ta karye mini. Zuciya tana bugawa kusan sau 100,000 a rana, kowane bugu kuwa jijiyar na motsi. Ka san yadda kuke yi da waya kuna yara, ku yi ta lanƙwasa ta gaba da baya har ta tsinke? To, haka. Likitan da ya duba ni ya ce an fi ganin hakan a jijiyar dama, a wurin da ke da lanƙwasa, ko inda ragar ta yi tsawo, ko aka haɗa biyu bakin ɗaya bisa ɗaya. Tawa biyu ce, a dama. Wasu tasu ta karye ba su ma sani ba. Wasu kuma wurin ya sake tsukewa, ko jini ya daskare a nan ya toshe hanya, sai bugun zuciya.

Daren da abin ya same ni, nauyi na ji a ƙirji kamar an ɗora mini buhun gero, ga gumi, ga ciwo har muƙamuƙi da hannun hagu. Na ce olsa ce, na aika kemis. Awa uku na ɓata, Abba, naman zuciyata na mutuwa ina shan maganin ciki. Sai da aka sake zura bututu aka ɗauki hoto kafin a ga karayar.

Don haka in ka ji irin wannan, ko tsakar dare ne, a kai ka asibiti. Kada ka tuƙa da kanka.

Asfirin da clopidogrel ɗin nan, magungunan hana jini daskarewa, kada ka ajiye su don ka ji garau, ko don mai cire haƙori ya ce, sai da izinin likitan zuciyarka. Kafin azumi ka je ya tsara maka lokutan sha. Sigari kuwa, na san kana ɓoye mini, ka bar ta.

Takardar da ke ɗauke da sunan ragar da tsawonta, ka ba iyalinka kwafi ta adana.

Ka gaida ta da yaran. Hajiya na nan tafe ranar Asabar.

Mahaifinka