Ku bar Al Green ya gama kukansa kafin ku sako talla

Assalamu alaikum Malam Edita,

Kan abin da yaron nan naku mai sa waƙoƙi a rediyo ya yi mana daren Asabar ne. Na so in yi shiru wallahi, kwana biyu ina ba kaina haƙuri amma abin ya tsaya min a maƙoshi ya ƙi wucewa, shi ne na ce jikata ta buɗe min wayar nan in rubuto da kaina, in kun ga kuskure a rubutun ku yi haƙuri, ido ne ya fara gajiya.

Mutum ya ɗauko How Can You Mend a Broken Heart ta Al Green ya sa mana, na ajiye kofin shayi na gyara zama na ce yau kam an tuna da mu tsofaffi, ko minti uku ba a cika ba sai ga muryarsa a kan waƙar, wai to jama'a kun dai ji, wannan kwafi ce, ta Bee Gees ce ta asali, kuma Bahaushe ya ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Ya yi wata 'yar dariya, ya datse, ya sako mana tallan maganin basir. Haba Malam! Waƙar nan minti shida ce da 'yan daƙiƙu, kuma duk wanda ya san ta ya san rabin farko shimfiɗa ce kawai, abin da ake jira yana can ƙarshe. An kawo maka tuwo ka wanke hannu ka yi loma biyu an ɗauke kwanon, sannan a tsaya a kanka ana gaya maka wai ai tuwon gidan maƙwabta ya fi.

Ni ban musa masa tarihi ba. Barry Gibb da ƙaninsa Robin su suka rubuta ta, Bee Gees suka fitar a 1971, kuma ita ce waƙarsu ta farko da ta hau lamba ɗaya a Amurka. Na san wannan tun kafin a haifi uban yaron nan ma ƙila. Har ma in ƙara masa abin da bai faɗa ba, sun rubuta ta ne bayan sun shirya, don Robin ya yi fushi ya bar 'yan uwansa a 1969 sai a 1970 ya dawo. Tasu tana da kyau ba laifi, tsaf-tsaf take, muryoyi sun hau kan juna daidai kamar 'yan makaranta sun yi wanka sun sa fararen kaya ranar bikin ba da kyauta, minti huɗu ma ba ta cika ba an gama an tashi. Za ka ji ta ka ce Allah sarki, ka ci gaba da abin da kake yi. Ta Al Green kuwa ba ka iya ci gaba da komai, ko wanki kake sai ka tsame hannu.

Kalmar kwafin nan ita ta fi ƙona min rai. Kwafi fa shi ne ka kai takarda shagon fotokwafi a fito maka da irinta sak. Shi wannan bawan Allah rushe waƙar ya yi ya sake gina ta. Ya rage mata gudu har sai ka ji kamar za ta tsaya, ganga na tafiya a hankali, kiɗan ogan na Charles Hodges na kwance a ƙasa, gogen Turawa na shigowa yana fita, shi kuma ya fara da raɗa kamar mai magana shi kaɗai a ɗaki tsakar dare yana tsoron kada ya tashi mutanen gida. Yana jan ƙafa a bayan kiɗan, ka ce ya makara sai kuma ka ji ya iso daidai. Akwai wurin da yake maganar iska na kaɗa itatuwa, sai wani sauti ya wuce fuuu ta cikin sifika, shekara nawa ina jin wurin nan har yau sai tsigar jikina ta tashi. To daga inda yaronku ya datse ɗin nan ne mutumin yake sakin baitin da aka rubuta ya koma roƙo zalla, ya siranta murya ta hau can sama kamar zare zai tsinke, ya sauko ya yi nishi, ya maimaita kalma ɗaya sau uku sau huɗu, yana neman wani ya taimaka masa, yana cewa shi dai so yake ya sake rayuwa. Wannan wurin babu shi a faifan Bee Gees, ko kusa. To kwafin me ya yi?

Kuma ba neman kasuwa ya kai shi ba kamar yadda yaron ya so ya nuna. A faifan Let's Stay Together take, na 1972, kuma waƙar da aka sa wa faifan sunanta ita kanta ta hau lamba ɗaya a Amurka, kafin nan Tired of Being Alone ta riga ta yi masa suna. Mai neman kasuwa a wancan zamanin waƙar minti uku yake yi da za a sa a rediyo a yi rawa, ba ya jan abu minti shida yana kuka. A Memphis aka ɗauke ta, a situdiyon Royal, wani tsohon gidan silima da aka mayar wurin ɗaukar waƙa, ƙarƙashin kamfanin Hi, furodusansa Willie Mitchell wanda ya rasu a 2010. Shi Mitchell ɗin ne ya dinga matsa masa ya daina ihu irin na sauran mawaƙan lokacin ya sassauta ya yi da muryarsa ta kansa, kuma Allah ya sa ya ji magana. Shekararsa 25 kacal fa lokacin, don 1946 aka haife shi a Arkansas. A coci ya tashi yana waƙa da 'yan uwansa, har babansa ya kore shi daga gida saboda ya kama shi yana sauraron Jackie Wilson, daga baya kuma a 1976 ya koma ya zama fasto a nan Memphis ɗin. Ni Musulmi ne alhamdulillahi, amma na san muryar mai roƙo in na ji ta, kuma a nan ya koyo ta.

Yanzu karin maganar da ya jefo mana. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, na yarda, iyayenmu ba su yi ƙarya ba. Amma wa ya gaya masa mai ita shi ne wanda ya fara riƙe biro? Waƙoƙin gaɗa da 'yan mata suke yi a dandali muna yara wa ya rubuta su? Waƙar da kakata take yi a bakin dutsen niƙa, wadda in ta zo wani wuri sai ta yi shiru ta share ido da gefen zane, ita ma a bakin wata ta ji, amma duk garin in an ce waƙar wance ce an san ita ake nufi, don ita ta sha abin da ke ciki. Ko a can Amurka ɗin, Respect ta Otis Redding ce ya yi a 1965, Aretha Franklin ta ɗauka a 1967, yau je ka tambayi kowa waƙar wa ce ka ji amsa.

Bari in gaya maka dalilin da ya sa nake wannan zafin, don na san za ka ce dattijo da gemu fari yana faɗa kan waƙar Turanci. Da kuɗin Udoji, ƙarin albashin nan da gwamnati ta yi wa ma'aikata, na sayi rediyogiram ɗina a 1975, ina ƙaramin akawu a Kaduna, ɗaki ɗaya nake haya a Tudun Wada, akwatin nan ya cinye kusan rabin ɗakin amma ni a lokacin ji nake ba wanda ya kai ni. Faifan Al Green na saya ne saboda waƙar rawa da ke gaba, wannan mai sanyin tsallake ta nake yi, in ce wannan ta masu barci ce. Akwai yarinyar da nake zuwa zance wurinta shekara uku cur, an kai kayan na gani ina so, an kai kuɗin gaisuwa, magana ta kai ana batun sa rana, kwatsam mahaifinta ya ce ya ba ɗan wansa, haɗin gida za a yi. Aka dawo mana da kayanmu a cikin kwalla, ko sabulu ɗaya bai yi ciwon kai ba, wannan cikar da kayan suka yi ma ita ta fi min ciwo. Ba wanda ya zage ni, ba wanda zan kai ƙara, kawuna ya ce in yi haƙuri matar mutum kabarinsa, abokai suka ce mata sun ƙare ne? Ranar da aka kai ta ina jin guɗa da hon ɗin motoci daga ɗakina don layi biyu ne tsakaninmu. Na rufe ƙofa na ɗora faifan don kawai kada in ji, ban tashi na ɗage allura ba ta gangaro kan waƙar nan da kanta. Turancina na ofis ne, na rubuta wasiƙa da cike fom, ba kowace kalma na kama ba, amma na gane mutumin nan tambaya yake yi wadda ya san ba mai amsa masa. A garinmu namiji ba ya kuka kan mace, sai a ce an shanye shi. Ranar na bar Al Green ya yi min, na mayar da allura baya ya sake yi, ban san sau nawa ba, har sai da maigidan haya ya buga ƙofa ya ce lafiya? Kafin wata uku wurin waƙar a jikin faifan ya yi fari yana ƙara shaaa, sauran waƙoƙin kuwa sababbi fil.

Na yi aure bayan shekara biyu, Allah ya ba ni mace ta gari. Uwargida ta san labarin don ban ɓoye mata ba, da farko in na sa waƙar sai ta ce an fara tuna tsohuwar zuma ke nan, ta ɗauki tsintsiya ta hau sharar da ba ta da dalili. Da tafiya ta yi tafiya, faifai ya koma kaset, kaset ya koma abin da yara ke turawa a waya, ita da kanta take cewa Malam sa mana mai kukan nan naka. Ba ta jin Turanci ko kaɗan, sunansa ma ba ta taɓa riƙewa ba, mai kuka take ce masa. In an zo ƙarshen nan sai ta ce kai wannan an cuce shi, Allah ya saka masa. Shekara huɗu ke nan da rasuwarta, Allah ya jiƙanta ya sa ta huta. Tun daga nan ban iya sa waƙar da hannuna ba, tana cikin wayar nan amma ban taɓa dannawa ba. Daren Asabar da ta fito daga rediyo ba shiri na ce to tunda ita ta zo da kanta bari in daure in ji ta har ƙarshe, in kai wurin da take cewa an cuce shi. Sai maganin basir.

Ban ce a kori yaron ba, kada a ce na raba wani da abincinsa, yana da murya kuma yana ƙoƙari, da ma ba kowane matashi ne zai tsaya tono waƙoƙin zamaninmu ba. Amma ku zaunar da shi ku gaya masa in zai sa irin waɗannan ya saurare su shi kaɗai tukuna daga farko har ƙarshe, ba ya leƙa intanet ya karanto layi biyu ya zo yana mana alƙalanci ba. In lokaci ne bai isa ba ya zaɓi gajera, suna nan birjik. Kuma ya daina ce masa Alhaji Green, ya faɗa sau biyu yana dariya shi kaɗai, Albert ne sunan mutumin.

Tunda na riga na rubuto, batun saƙon tes ɗin nan ma. Sati biyar a jere ina turawa lambar da kuke karantowa, kowane sati ana cire min kuɗi, ko sau ɗaya ba a karanta nawa ba, amma kullum sunayen nan guda huɗu biyar ake ta gaisarwa, shugaban masu sauraro na kaza, sarauniyar masoya ta kaza, sai an gaida matansu da 'ya'yansu da masu shagon kusa da su. Mu da muke kunna tashar nan tun kafin a san wayar hannu ba mu da shugabanci shi ya sa? In akwai rajistar da ake yi ku faɗa mana mu ma mu yi, in kuma lambar ta lalace ku daina karanto ta.

Abin da nake roƙo dai ɗaya ne, Asabar mai zuwa a sake sa ta, ta Al Green, daga farko har inda sautin yake dusashewa da kansa, ba surutu a kai, ba gaisuwa, mai maganin basir ya jira minti shida ba abin da zai same shi. In yaron yana so ya sa ta Bee Gees kafin nan ba ni da matsala, ya jera su biyun masu sauraro su ji da kunnensu. Zan kunna tun ƙarfe tara.

Na gode, a gaida ma'aikata.

Naku, tsohon mai sauraro daga Tudun Wada, Kaduna.