Anti, an ce kansar mama ce, kuma na rasa wanda zan faɗa wa

Assalamu alaikum Anti, ya aiki, ya iyali? Don Allah ki sakaya sunana, domin a nan Anguwan Rogo, cikin Jos, kusan kowane gida ana jin shirinki.

Yau kwana 11 ke nan da likita ya zaunar da ni ya ce sakamako ya fito, kansar mama ce, a nonon dama, mataki na biyu. Daga nan ban ƙara jin komai ba, bakinsa kawai nake kallo yana motsi. Na fito na hau Keke Napep, sai da mai keken ya ce Hajiya ga Terminus, sannan na tuna ba can za ni ba.

Tun bayan da na yaye autana na ji wani ƙullutu kamar ƙwallon dabino, ba zafi, ba ƙaiƙayi. Na ɗauka ruwan nono ne ya kwanta, maƙwabciyata ma haka ta ce, in riƙa gasawa da ruwan zafi. Wata bakwai ina haka. Wata ma'aikaciyar jinya ta ce min a gaban mutane, "Me kika zauna yi duk tsawon lokacin nan?" Anti, ke ki faɗa min, abin da ba ya ciwo wa ke kai shi asibiti? Ga 'ya'ya huɗu, ga ɗinkin sallah na mutane jibge a ɗaki. Sai da kan nonon ya fara shigewa ciki, na kuma ji kaluluwa a hammata, sannan jikina ya yi sanyi. Aka yi hoto, aka sa wata allura mai kauri aka tsakuro nama, na yi sati uku ina jira.

Abin da na iya riƙewa daga bayaninsu, za a fara kemo, ƙarin ruwa ne duk bayan sati uku, sau shida ko takwas, sannan tiyata, ƙila kuma a tura ni Abuja ko asibitin Shika na Zariya a gasa wurin da na'ura. Sun ce gashin kaina zai zube amma zai dawo. Sun ce in an cire kaluluwar, hannun yana iya kumbura, ni kuwa da hannun daman nan nake riƙe almakashi. Likitan ya ce a matakin nan ana warkewa sosai in ba a yi wasa da magani ba. Na ji shi, amma da dare maganarsa ba ta zuwa min.

Maigidana da na faɗa masa, "Allah ya sawwaƙe" kawai ya ce, ya sa hula ya tafi majalisa. Mutumin da tun 2007 nake gidansa. Lokacin rikicin 2010 da shagonsa ya ƙone a Bukuru, sarƙata da 'yan kunnena na gwal na sayar ya tada jari, ban taɓa goranta masa ba, yanzu ma ba gori nake yi ba. To, ya biya kuɗin gwajin, ba zan ɗauki alhakinsa ba. Amma ko sau ɗaya bai ce ya jikin ba, yanzu ma a falo yake kwana wai tarin autan ke hana shi barci. Na roƙe shi kada ya faɗa wa kowa, washegari sai ga Hajiyarsa da ƙullin garin magani, wai daji ba ya son ƙarfe, in aka taɓa shi da wuƙa ko allura yaɗuwa yake yi. Da na ce likita ya hana jinkiri, ta ce ai mu 'yan boko mun fi yarda da Bature. Ni ban ƙi addu'a ba, zamzam da habbatus sauda duk ina sha. Da za ta fita na ji da kunnena tana ce masa a zaure shi ma ya fara tunanin kansa. Anti, ke ma mace ce, kin san fassarar wannan.

Gaskiya ba kishiyar ce ta fi damuna ba, ya yi huɗu ma in ya ga dama. Gwaggona, ƙanwar babanmu, wannan ciwon ne ajalinta. Ta ɓoye har ya fashe, Innarmu ce ta yi jinyarta, ina yarinya amma har yau ban manta warin ɗakin ba. Shi ya sa na kasa faɗa wa Inna, ga ta da hawan jini, tana Bauchi wurin yayanmu. Jiya ta kira ta ce muryata ta canza, na ce mura ce, sanyin Jos ne.

Ƙarfe biyu na dare nake farkawa. Kowa na barci, ni ina duba hotuna a Facebook waɗanda bai kamata in gani ba, in tashi in leƙa yaran ina lissafin shekarunsu. Babbar za ta rubuta WAEC bana, ita ma ba ta sani ba, ko da yake na ga tana yawan kallona. A gidan biki ma da na je ranar Asabar, ana shewa, ni ji nake kamar a bayan gilashi nake.

Shin in tunkare shi da maganar Hajiya ko in yi shiru? Ko ma dai bar wannan. An ce ranar Talata in zo da wani wanda zai zauna da ni a kemon farko, kuma har yanzu ban san wa zan ce wa ya raka ni ba. In na kira Inna, ta ina zan fara?

Taki,
Wata baiwar Allah daga Jos