Wasiƙa zuwa ga ɗana a kan tsofaffin sisin gwal

Jekadafari, Gombe.

Babangida,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kawunka ya dawo daga Kano ranar Laraba, ya shaida mini cewa ka karɓi kuɗin adashin mahaifiyarka domin ka sayi sisin gwal na Ingila guda biyu masu shekarar 1917, waɗanda wani dillali ya rantse maka cewa irinsu ba sa samuwa. Tun daga ranar hankalina bai kwanta ba.

Dillalin bai yi ƙarya gaba ɗaya ba, kuma a nan haɗarin yake. Sisin 1917 da aka buga a Landan yana da wuyar samu ƙwarai, domin ko da yake an buga fiye da miliyan guda, an narkar da akasarinsu. Amma a wannan shekarar an buga wasu a Ostireliya da Kanada, kuma na garin Perth da ke Ostireliya suna da yawa a hannun jama'a, kuɗinsu bai wuce na gwal ɗin da ke jikinsu da wani abin kirki ba. Ka juya bayan sisin, inda mahayin doki yake tattake dodo, ka duba ƙasan da ke ƙarƙashin kofato, daidai saman shekarar. Idan akwai ƙaramin harafi, P ko M ko S ko C, to ba na Landan ba ne. Idan babu harafi, ka sa gilashin duba gwal ka ƙura wa wurin ido a hasken rana, domin mayaudara sukan kankare harafin su goge wurin, sai ya bar ɗan kwarmi mai sheƙi dabam da kewayensa.

Kafin wannan ma ka ɗora shi a sikeli. Na gaskiya giram 7.98 ne, karat 22, faɗinsa milimita 22, kuma akwai na kwaikwayo da maƙera ke bugawa don adon mata, masu kyan gani amma ba na gwamnati ba. Sannan ka duba gashin sarkin da hotonsa ke gaban sisin da gemunsa da ƙirjin mahayin, domin nan ne hannu ke fara cinyewa, ka bi gefen da ido ko akwai tabon walda daga sarƙa. Turawa suna auna lafiyar tsaba daga maki 1 zuwa 70, kuma 'yan maki kaɗan sukan ninka farashi. Kada ka kuskura ka wanke shi. Ka san abin da toka da lemun tsami suka yi wa na Hajiya, ka kuma san dalilin da ya sa na kulle sauran ukun na hana ka, ko da yake ka ɗauki abin a matsayin rowa.

Asarar kuɗi ba ita ce ta hana ni barci ba. Tsorona shi ne a cuce ka, sannan nauyin bashi ya sa ka nemi wani marar sani ka miƙa masa da irin rantsuwar da aka yi maka. Shekara talatin na yi ina awon gwal a kasuwa, ba a taɓa dawo mini da kaya ba, kuma wallahi ba zan zauna in ji an kira sunan gidan nan a gaban alƙali saboda gaggawarka ba. Wata takwas kacal ka yi a sana'ar, har ka isa ka taɓa kuɗin uwarka ba tare da ka shawarce ni ba?

Na san neman na kanka kake yi, kuma ina sa maka albarka a kan haka. Idan ba ka biya ba, ka dakata. Idan ka riga ka biya, ka naɗe kowanne a ƙyalle dabam, ka riƙa kama shi ta gefe, ka taho da su ran Juma'a mu duba tare, sikelina yana nan a akwati. Mahaifiyarka tana gaishe ka, ban gaya mata komai ba tukuna.

Mahaifinka.