Godiya ga Masta da yaransa, masu wayar mota a Magazin ta Suame, unguwar makanikai a Kumasi

Assalamu alaikum jama'a. Masta, na san ka ce kar in saka sunanka ko sunan shago wai ba ka son surutu, to na ji ban saka ba, amma godiyar nan sai na yi ta a gaban mutane, in ka ga dama ka yi fushi ranar Asabar in na zo.

Mutanen Aboabo da Asawase da yawa sun san Fijo 504 ɗin marigayi Baba, farar nan da ta shekara da shekaru a ƙarƙashin bishiya a ƙofar gidanmu har awaki suka mai da ita ɗakin kwana. Haɗin Kaduna ce, daga kamfanin Fijo ɗin nan da ya fara aiki a 1975, Baba ya saye ta lokacin yana harkar goro a Agege, kuma a cikinta ya kwaso mu muka dawo Kumasi a 1983 da gwamnatin Shagari ta ce baƙi marasa takardu su fita. Ni ina ƙarami sosai, abin da na riƙe kawai shi ne zafin kujerar baya da muryar rediyo. Shekara biyu ke nan ina tada motar nan kaɗan kaɗan, in kuɗi ya shigo a yi inji, in ya ƙare a jira, welda ya yi nasa, mai fenti ya yi nasa, mai kujera ma ya gama. Abin da ya rage rediyo, ni a zatona shi ne aikin rabin yini, ashe shi zai fi ba ni ciwon kai.

Wurin farko da na je, ba zan faɗi ko ina ba ne, yaron ko gaisuwa ba mu gama ba ya ɗauko min wani mai gilashi irin na Android ya ce wannan ake yayi, na ce to ina zai shiga, ya ce ai sai a yanka dashbod a faɗaɗa ramin, har ya aika a kawo masa injin yanka. Wallahi gabana ya faɗi. Na ce masa bari in je in yi sallah in dawo, har yau ban koma ba, Allah Ya yafe min.

Wani dattijo direba da muke sallar Juma'a tare shi ya ce in je wurinka. Da na zo ba ka nuna min kaya ko ɗaya ba, ka zagaya motar sau biyu, ka leƙa ƙarƙashin sitiyari, ka ga giyarta a jikin sitiyarin take ka yi dariya ka ce rabonka da irin wannan tun kana yaron shago, sannan ka tambaye ni, Alhaji me kake so ka ji a cikin motar nan, kuma wa za ka riƙa ɗauka? Na ce Hajiya ce, tsohuwata, labarai da tafsiri, sai ni in na ɗauke ta ranar Lahadi ina son abin da ke cikin wayata ya fito a sifika. Ka ce to ba ka buƙatar gidan rawa.

Abin da ya sa nake rubutun nan shi ne bayanin da ka zauna ka yi min a kan benci, wanda ba ka caje ni ko pesewa ba, kuma na san akwai masu tsofaffin motoci a Zango da zai amfane su. Ka auna min da tef cewa rediyon zamani ƙarami fuskarsa milimita 180 ne a faɗi 50 a tsayi, abin da kuke ce wa DIN ɗaya, mai gilashin nan kuma ninki biyu ne, tsayinsa 100, babu yadda za a yi ya zauna a mazaunin 504 sai an ci ƙarfe da roba, kuma in an yanka an yanka ke nan, dashbod ɗin 504 mai lafiya yanzu ko Abossey Okai ka je a Ankara sai ka sha yawo. Ka kuma ce in yi hankali da rediyon da ake cirowa daga motocin Japan ana sayarwa da araha, yawancinsu FM ɗin daga 76 yake farawa ya tsaya a 90, wato zan kama Zuria a 88.7 amma Luv a 99.5 da Nhyira a 104.5 sai dai in ji labarinsu a bakin mutane. Nan na gane abin da ya sa tasin ƙanina tasha biyu uku kawai take kamawa shekara guda yana zagin eriya. Sai lambar nan 50W x 4 da ake bugawa a jikin kwali, ka ce wannan ihun talla ne, ƙarfin gaske da yake bayarwa a kai a kai wajen 20 ne a kowace sifika, kuma ko 20 ɗin in aka ɗora wa tsohuwar sifikar takarda sai ta yage.

Ka nuna min hoton irin sababbin da ake yi musu fuskar da, masu maɓallin murɗawa biyu, akwai na RetroSound daga Amurka, ka ce suna da kyau kuma za ka iya sa a kawo, amma kuɗinsu da kuɗin jirgi da na kwastan sai ya kusa kuɗin fentin motar gaba ɗaya. Kana cikin wannan maganar ne ka ce wai ina wanda Baba yake amfani da shi? Na ce ya mutu tun ina sakandare, yana cikin wani kwali a ɗakin Hajiya in ba a zubar ba. Ka ce je ka kawo gawar mu gani.

Blaupunkt ne, Frankfurt, mai maɓallan dannawa da haruffa L M K U. Ni duk rayuwata ban san ma'anarsu ba sai a bakinka, Jamusanci ne, U ita ce FM, K kuma gajeren zango, kuma da ka nuna min yadda K ɗin ta goge ta fi sauran sai da na juya baya na share ido, don a nan Baba yake kama BBC Hausa da asuba yana jiran mu fito. Kwana tara ya yi a wurinku. Yaronka mai gilashin ido ya canja ƙananan kafasito da suka bushe, ya wanke maɓallin ƙara da ke ƙarar yashi, ya sa sabon ƙwan fitilar fuska, sannan a bayan rediyon ashe akwai wani soket zagayayye da Jamusawa suka yi don a jona na'urar kaset, nan kuka jona ɗan ƙaramin Bluetooth kuka ɓoye shi a bayan akwatin dashbod, wanda ya shiga motar ba zai ga komai ba sai rediyon 1970 da wani abu. Ka gaya min gaskiya tun kafin a fara cewa allurarsa a 104 ta tsaya kamar yawancin na Turai na lokacin, Nhyira tana iya shigowa tana iya ƙi, sama da nan kuma babu. Na ce Hajiya Zuria take ji, a ci gaba.

Wani abin da ban taɓa tunani ba, ka ce rediyon zamani yana da waya mai ruwan ɗorawa da take shan batir dare da rana don kar ya manta tashoshi, shi kuwa wannan da ƙarfe yake riƙe tasha, ka ja maɓalli waje ka danna shi ciki shi ke nan, motar da sai Lahadi Lahadi ake tada ta wannan ya fi mata. Kuka sa masa fis nasa daban, kuka kankare fenti kuka ɗaure wayar as, wato ta nagatif, a jikin ƙarfe tsirara, duk haɗin da dalma aka yi aka rufe, ban ga an murɗa waya da haƙori an naɗe da baƙin tef ba. Sifika ɗaya sabuwa mai ohm 4 a mazaunin tsohuwar, ƙofofi ba a huda ko ɗaya ba.

Ranar da na zo ɗauka aka kunna inji sai ga wani kuka siriri yana bin totur, in an taka ya hau in an saki ya sauka. Ni na ce ba komai zan saba, kai ka ce a shagonka ba a sabawa, ka ce altaneta ce, ka sa aka ɗaura mata ɗan kondensa, sai kuma wani tas tas ya rage ka ce wannan daga wayoyin fulogi ne, ka aika yaro cikin Magazin ya nemo masu hana ƙara. Har magariba ta yi, ka yi sallah da mu duk da yunwa, kuma kuɗin da muka yi magana tun farko shi ka karɓa ta momo, wato turin kuɗi ta waya, na ƙara ka mayar min ka ce in ba yaran su sha koko.

Lahadin da ta wuce na ɗauki Hajiya muka bi ta Kejetia muka hau hanyar Tafo gidan ƙanwarta. Ba ta ce komai ba har muka wuce Krofrom, sai ta miƙa hannu ta danna K da kanta, shuuu kawai yake yi da rana tsaka, ta bar shi a haka kusan minti biyar kafin ta ce in mayar mata Zuria. Ta ce in gaya maka Allah Ya yi maka albarka Ya raya zuri'a, kuma akwai goro da ta ajiye maka, fari, ƙwarya guda. Zan taho da shi ranar Asabar in sha Allahu, dama ka ce in kawo motar a duba gindin eriyar nan da ke kaɗawa.

Naka,
ɗan mai farar Fijo, Aboabo