Wasiƙa Zuwa Ga Abokan Cinikinmu: Warin Bilic Ba Shi Ne Tsafta Ba

Assalamu alaikum iyayenmu da 'yan'uwanmu masu sayen kayan tsafta a wurinmu, da masu shaguna da makarantu da muke yi wa aikin goge-goge a cikin birnin Kano da kewaye. Da fatan kuna lafiya, ya kasuwa, ya iyali?

Abin da ya sa muka rubuto muku wata ɗabi'a ce da ta zama ruwan dare. Sai a tsiyaya bilic da ka cikin bokiti, a ƙara Izal don ƙamshi, a tsoma tsumma a goge teburi, nan take a bi da busasshen ƙyalle. Ɗaki ya ɗauki wari, hankali ya kwanta, alhali ƙwayar cutar tana nan daram. An kashe kuɗi, ba a kashe ta ba. Wannan yana damunmu, domin mu ne muka sayar muku da kayan.

Ƙwayar bairas ba ta hayayyafa a kan teburi ko ƙofa, jira kawai take yi. Mai mura ya fyace majina ya kama hannun ƙofa, ko uwa ta wanke wa yaro mai gudawa ta murɗa kan famfo. Na baya ya zo ya kama wurin, can kuma ya murtsuke ido ko ya kai loma baki. Hannu ne ɗan aikenta. Saboda haka inda hannu ya fi sauka nan ne aikin yake: mariƙin buta, kan famfo, moɗar randa, makunnin fitila, madannan na'urar POS, wayar da ake miƙa wa kowa, ƙarfen da ake riƙewa a Adaidaita Sahu, da fo ɗin yara. Bango da silin da ake ta fesawa, wa yake taɓa su?

Ƙwayoyin ba ƙarfinsu ɗaya ba. Wasu suna da rigar maiƙo a jikinsu, kamar ta mura, ta korona da ta zazzaɓin Lassa. Sabulu yana narkar da rigar, su mutu. Gwajin da aka yi a 2020 ya nuna ta korona tana iya kai sa'a 72 a kan roba da ƙarfe, amma gaskiyar magana ita da mura sun fi bin iska, don haka buɗe taga ya fi musu goge bene. Waɗanda suka fi dogara da hannu da kaya su ne marasa rigar: masu sa amai da gudawa irin su rota da noro, ciwon hanta nau'in A, da ciwon idon nan da ake kira afolo, wanda ke zagaye gida ta tawul da kwalli. Waɗannan suna yin kwanaki a kan abu, har makonni. Sanitaiza ba ta cika yi musu komai ba, Izal da Dettol ma ba abin dogaro ba ne a kansu. Bilic ne maganinsu, shi ma sai an haɗa shi daidai.

Kafin bilic, wanki. A fara goge wurin da ruwa da sabulu ko omo. Maiƙo, ƙurar hunturu da ragowar abinci suna cinye ƙarfin kulorin, sinadarin cikin bilic mai kashe ƙwayoyi, tun bai kai ga ƙwayar ba, kuma suna yi mata rumfa.

Sai awo. A duba jikin kwalbar, a ga lambar NAFDAC da ƙarfin da aka rubuta. Yawancin wanda ke kasuwarmu, irin su Jik, kashi 3.5 cikin 100 ne. Don gogen yau da kullum ana son ruwa mai ƙarfin kashi 0.1, wato awo 1 na bilic a awo 34 na ruwa. A sauƙaƙe: mililita 30, babban cokali 2 ke nan, a lita 1 ta ruwa, daidai ledar fiya wata 2. Bokiti mai lita 10 zai ci mililita 300. Idan kwalbar ta ce kashi 5, awo 1 ne a 49. Murfin kwalba ba ma'auni ba ne, kowane kamfani da girman nasa. A sayi sirinji mai mililita 10 ko 20 a kemis, a cire allurar, a ware shi don wannan aiki kaɗai. Wanda ake haɗawa a gida a ɗura a gorar da ba rubutu kuwa, ba wanda zai iya faɗa muku ƙarfinsa, don haka ba a iya auna shi.

Abin da aka fi tsallakewa shi ne jira. Dole wurin ya zauna a jiƙe aƙalla minti 1. A zafin Afrilu da Mayu, ko lokacin busasshiyar iska, teburi kan bushe kafin minti ya cika. Idan haka ta faru a sake jiƙa shi. Bayan nan a ɗauraye ƙarfe da ruwa don kada ya yi tsatsa, haka duk abin da zai taɓa abinci ko bakin yaro.

Inda aka yi amai, zawo ko jini ya zuba, haɗin ya fi ƙarfi: kashi 0.5, wato awo 1 na bilic mai kashi 3.5 a awo 6 na ruwa. A sa safar hannu ta roba, a rufe ƙazantar da takarda ko yashi, a kwashe a ƙulle a leda, a wanke wurin da sabulu, sannan a zuba haɗin a bar shi minti 10. Haka ake yi wa fo da bakin masai idan akwai mai gudawa a gida.

Kashin ɓera ma kada a share shi a bushe, musamman da rani da zazzaɓin Lassa ya fi yawa. Cutar, wadda aka fara ganowa a garin Lassa na jihar Borno a 1969, tana cikin fitsari da kashin ɓera, kuma tsintsiya tana tayar da ita cikin ƙura a shaƙa. A yayyafa haɗin mai ƙarfi, a jira, a kwashe a jiƙe. Masu rumbun hatsi a Dawanau da masu sito a Singa, wannan taku ce.

Da ruwan sanyi ake haɗawa, zafi yana korar kulorin. Haɗin jiya ba ya aiki yau, kullum a yi sabo, daidai wanda za a buƙata. Ita kanta kwalbar a ajiye ta a inuwa. Wadda ta yi makonni tana shan rana a bakin shago ta riga ta yi rauni. Kuma don Allah kada a gauraya bilic da komai ban da ruwa. Idan ya haɗu da ruwan wankin masai mai asid irin Harpic, iskar kulorin ce ke tashi, a ƙaramin banɗaki marar taga tana iya shaƙe mutum. Ba a fesa wa mutum shi a jiki. Ba a zuba shi a gorar lemo. Idan tsautsayi ya sa yaro ya sha, kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja. A kurkure masa baki a garzaya asibiti da kwalbar a hannu. Idan ya shiga ido, a yi ta zuba ruwa mai tsabta minti 15.

Waya da na'urar POS ba sa son bilic. A ɗiga sifirit mai ƙarfin kashi 70 a ƙyalle a goge, ba a kwarara kai tsaye ba. Darduma da tawul, wanki da sabulu da shanya a rana. Tsumman gogen shi ma a wanke a shanya, kuma na banɗaki daban, na kicin daban.

Masu aski da masu yankan farce, ƙwayar ciwon hanta nau'in B tana rayuwa aƙalla kwana 7 a busasshen jinin da ido ba ya ma gani. Gifta wutar laita a bakin kilifa ba ya isa. A goge gashi da burushi, a wanke bakin, a jiƙa shi da maganin kashe ƙwayoyi har lokacin da aka rubuta ya cika. Reza kuwa, kowane kai da tasa sabuwa.

Duk wanda kwalbarsa ta zo da wani ƙarfi daban, ya kawo ta shago mu lissafa masa awon, mu rubuta a jikin bokitinsa. Ba sai ya sayi komai ba.

Allah ya ƙara mana lafiya, ya sa albarka a nema.

Wassalam,
Daga dukkan ma'aikatan shagonku.